Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamna Inuwa Yahaya: Wa Zai Riƙa Duba Rijiyoyin Kolmani?

Zuwa ga Mai Girma Alhaji Muhammadu Inuwa Yahaya, Gwamnan Jihar Gombe kuma Shugaban Ƙungiyar Gwamnonin Arewa.



Ranka ya daɗe, maganar man Kolmani ce ta sa na ɗauki alƙalami. Tun ranar 22 ga Nuwamba 2022 da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin a kan iyakar Alƙaleri da Akko, zancen da ake yi a majalisu da gidajen rediyo bai wuce uku ba: na Bauchi ne ko na Gombe, yaushe za a fara ba mu kashi 13 cikin 100 irin na jihohin mai, sannan 'ya'yan wa za a ɗauka aiki. An faɗa mana akwai ɗanyen mai sama da ganga biliyan 1 a ƙarƙashin wannan ƙasa. An yi alkawarin matata mai tace ganga 120,000 a rana, da tashar lantarki mai megawat 300, da masana'antar takin zamani. Allah ya nuna mana. Amma a duk wannan hayaniya da wuya ka ji wanda ya tambayi wa zai riƙa duba lafiyar rijiyoyin nan, sau nawa a shekara, da kuɗin wa, kuma wa zai toshe su ranar da man ya ƙare ko kamfani ya tattara nasa-ya-nasa ya yi gaba.

Na san amsar da ma'aikatanka za su bayar: mai na Gwamnatin Tarayya ne, kuma dokar man fetur ta 2021 ta damƙa sa ido kan rijiyoyi a hannun hukumar NUPRC, malalar mai kuma tana hannun hukumar NOSDRA tun 2006. Gaskiya ne. Sai dai ƙasar da rijiyar take kai, Dokar Amfani da Filaye ta 1978 a hannun gwamna ta ajiye ta amana. Ruwan da mutanen masarautar Pindiga suke sha, da burtalin da shanu suke bi, da fadamar da ake noman rani, ba wani jami'i a Abuja da zai fi ka kusa da su. Akwai kuma dalili na biyu, wanda shi ne ya sa ban aika takardar nan Abuja ba. Kamfanin NNDC na Kaduna, mallakar jihohin Arewa 19, yana cikin masu riƙe da lasisin filayen mai na 809 da 810 inda Kolmani take. Ke nan gwamnonin da kake shugabanta suna da hannun jari a cikin rijiyar, kuma su ne masu kare manomin da gonarsa ke gefen rijiyar. Ranar da bukatar waɗannan biyu ta ci karo, dole ɗaya ta danne ɗaya, sai fa in tun yanzu an tanadi wani ido na daban da ba ya cin albashi daga ribar man.

Rijiyar mai ba rami ba ne kawai. Ana haƙa ta kilomita uku ko fiye, tana ratsa shimfiɗar ruwan da rijiyoyin burtsatse suke zuƙa kafin ta kai ga man. Abin da ke raba ruwan shanmu da abin da ke can ƙasa shi ne bututun ƙarfe da ake zurawa, da simintin da ake ɗurawa tsakanin bututun da bangon ramin. A bakin rijiyar kuma akwai kan ƙarfe mai bawul-bawul da ke riƙe da ƙarfin iskar da ke son fitowa. Ƙarfe yana tsatsa, siminti yana tsagewa, roba tana cinyewa. In simintin bai kama da kyau ba tun ranar farko, iskar gas da ruwan gishiri za su iya bin bayan bututun su haura zuwa ruwan sha, shekaru kafin wani ya ga ɗigo ɗaya a saman ƙasa. Ana iya gane wannan, domin akwai na'urar da ake zurawa ta auna kamun siminti, akwai gwajin matsi da ake yi wa bututu da bawul. Amma sakamakon yana zama ne a ofishin kamfani da na hukuma. Mai unguwar da ke kwana kusa da rijiyar bai taɓa ganinsa ba, ko ya gani ma ba a rubuta shi don ya fahimta ba.

Bari in ba ka labarin rijiya ɗaya tak, domin ita ce ta fi kama da abin da nake tsoro. A ƙauyen Ikot Ada Udo da ke Jihar Akwa Ibom, kamfanin Shell ya haƙa wata rijiyar gwaji a 1959. Ba a ci gaba da haƙar mai daga cikinta ba, aka bar kan ƙarfen a tsaye a tsakiyar gonaki da tafkunan kifi, aka tafi. Kusan shekara hamsin tana nan. A 2006 da 2007 mai ya ɓalle daga bakinta ya malale gonakin mutane. Wani manomi mai kiwon kifi ya kai ƙara har ƙasar Holan, inda hedikwatar kamfanin take a lokacin. Kamfanin ya ce ɓarna ce, wani ne ya buɗe bawul. A Janairun 2013 kotun birnin Heg ta yarda cewa hannun mutum ne ya buɗe, amma duk da haka ta kama reshen kamfanin na Najeriya da laifin sakaci, saboda an bar rijiyar a halin da duk mai babbar sifana zai iya kwance ta, alhali toshe ta da kankare abu ne mai sauƙi, wanda sai a 2010 aka yi.

Dubi lissafin, ranka ya daɗe. An haƙa a 1959, ta zubo a 2006, aka toshe a 2010, aka yi hukunci a 2013, kuɗin sasanci na yuro miliyan 15 da ya haɗa wannan ƙauye da wasu biyu a Bayelsa da Ribas bai tabbata ba sai ƙarshen 2022. Wasu daga cikin manoman da suka fara ƙarar sun rasu kafin a kai nan. Kuma waɗannan sun yi sa'a ne, sun sami ƙungiyar kare muhalli ta Turai da ta ɗauki nauyin shari'arsu. Wa zai kai manomin Akko birnin Heg?

Kada a ce wannan tsohon zance ne. A farkon Nuwamba 2021 wata rijiya da ba a aiki da ita a filin Santa Barbara da ke Nembe, Jihar Bayelsa, ta ɓalle tana feshin mai da gas sama da wata guda, sai da aka ɗauko ƙwararru daga Amurka kafin a shawo kanta. Bayan an gama, hukumomin tarayya suka ce ɓarna ce, gwamnatin Bayelsa ta ce ba ta yarda da binciken ba. Abin lura shi ne, a duka wuraren biyu, rijiyar da ta yi ta'adin ba wadda ake tatsa kullum ba ce. Wadda ake tatsa tana da mai gadi da injiniya, domin kuɗi take kawowa. Wadda aka rufe aka manta da ita, ita ce abin tsoro.

Mu ma a Arewa muna da irinsu, tun kafin a fara sayar da ganga ɗaya. Kamfanin NNPC ya haƙa rijiyoyin gwaji 23 a yankin Tafkin Chadi na Borno a shekarun baya. A kwarin Gongola, Shell ya haƙa rijiyar Kolmani ta farko a 1999, har ya ci karo da iskar gas, Elf ya haƙa ta Kuzari, Chevron ya haƙa ta Nasara. Daga 2019 aka dawo Kolmani da sababbin rijiyoyi, a 2023 kuma aka fara haƙa a Obi ta Jihar Nasarawa da kuma Jere ta Borno. Ina roƙonka, a matsayinka na shugaban gwamnonin yankin, ka nemi NUPRC ta ba ku cikakken jerin duk rijiyar mai da aka taɓa haƙawa a jihohin Arewa: inda take, wanda ya haƙa, yadda aka rufe ta, ranar da aka duba ta ta ƙarshe, da sunan kamfanin da alhakinta ke wuyansa a yau. A buga jerin a jarida, a kai kofe ga kowane hakimi da rijiya ke cikin gundumarsa. A ƙauye, tsohuwar rijiyar ruwa in ta ƙafe, ba a barinta baki buɗe. Ana jera mata itace a danne, a nuna wa yara da makiyaya wurin, kowa ya san da ita. Ta mai, mai zurfin kilomita uku da iska mai kama wuta a cikinta, ba ta cancanci ƙasa da haka ba.

Yanzu ga wurin da na fi son ka tsaya ka duba, wato yadda ake bincike in mai ya zuba. Doka ta ce kamfani ya sanar da NOSDRA cikin awa 24, in ya ƙi a ci shi tarar naira 500,000 a kowace rana. A 2006 wannan kuɗi ne, yau kuwa bai kai kuɗin dizal da injin haƙa yake sha ba. Bayan sanarwa sai a haɗa tawagar binciken haɗin gwiwa: wakilin kamfani, da na hukumomin tarayya, da na ma'aikatar muhalli ta jiha, da na al'umma. Su je wurin, su duba, su cika takarda su sa hannu cewa tsatsa ce ko lalacewar kayan aiki, ko kuwa ɓarna ce. Wannan kalma ɗaya da aka rubuta a takardar ita ce ke yanke wa manomi hukunci, domin dokar bututun mai ba ta tilasta biyan diyya in mugun hannun wani ne ya jawo ɓarnar. Dokar 2021 ma ta ƙara wani abu: asusun raya al'ummomin da ke zaune da mai, wanda kamfani ke zuba wa kashi 3 cikin 100 na kuɗin gudanarwarsa na shekara, in aka ce an yi ɓarna a yankin, daga cikinsa za a cire kuɗin gyara. Ke nan kamfani yana da riba biyu in takarda ta ce ɓarna: bai biya diyya ba, kuma al'umma ce ta biya gyara.

To wa ke riƙe da na'urar aunawa a ranar binciken? Wa ya kawo motar da ta ɗauko jami'an gwamnati? Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan ƙasar Ogoni, wanda ya fito a Agustan 2011, ya faɗa ƙarara cewa hukumomin sa ido ba su da isassun ƙwararru da kayan aiki, har ta kai sun dogara da kamfanonin man wajen kai su wuraren da za su duba. Ƙungiyar Amnesty ta fitar da rahoto a 2013 a kan yadda ake murɗe sakamakon irin wannan bincike. Ba na zargin kowane jami'i da rashin gaskiya. Amma mutumin da ka ɗauko a motarka, ka ciyar da shi, ka riƙe masa ma'auni, da wuya ya dube ka ya ce ƙarya kake. Kujerar da doka ta ba jiha a wannan tawaga, ita ce makamin da ke hannunka. In wanda zai zauna a kanta bai san bambancin ramin tsatsa da yankan zarto ba, sa hannu kawai zai yi. A zaɓi matasan injiniyoyi da masana ilimin ƙasa daga Gombe da Bauchi, a tura su Fatakwal da Warri su ga malalar mai da idonsu, su koyi aikin, a ba su motarsu da kayan awonsu daga kasafin jiha. Kada kobo ɗaya na hidimarsu ya fito daga aljihun kamfani, ko da da sunan tallafi ne.

Sai maganar ruwa, kuma wannan ba ta jiran gobe. A Nisisioken Ogale ta ƙasar Ogoni, masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya sun tarar da mutane suna shan ruwan rijiya mai ɗauke da sinadarin benzin, mai haddasa sankarar jini, fiye da ninki 900 na abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi. Sun sami mai kaurin santimita 8 yana yawo a saman ruwan ƙarƙashin ƙasa. Suka ce gyaran yankin zai ci shekara 25 zuwa 30. Mutanen Neja Delta sun yi wata asara da ba a cika faɗa ba: lokacin da aka sami mai a Oloibiri a 1956, ba wanda ya ajiye musu shaidar yadda ruwansu yake kafin zuwan kamfani. Shi ya sa duk gardamar da ta taso sai a ce da ma haka ruwan yake, ko a ce masu fasa bututu ne. Mu muna da abin da ba su samu ba, wato lokaci. Tafiyar hawainiyar da aikin Kolmani yake yi, wadda kowa ke kuka da ita, ta bar mana ƙofa a buɗe. Tun ran gini ran zane. A ɗebi ruwan kowace rijiyar gargajiya, da burtsatse, da tafki, da rafi a kewayen filin, rani da damina, a ɗebi ƙasar gonaki, a auna, a rubuta, a ajiye kofe a ma'aikatar shari'a da fadar sarki da ɗakin karatun jami'a. Jami'ar Tarayya ta Kashere a cikin ƙaramar hukumar Akko take, ga Jami'ar Jihar Gombe, ga Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi. Kuɗin wannan aiki bai kai na kilomita kaɗan na kwalta ba, kuma shi ne kaɗai shaidar da jikan manomin yau zai iya ɗagawa a gaban alƙali.

Wani zai ce ai nan tudu ne, ba fadamun Neja Delta ba inda ruwa ke kwashe mai ya yaɗa ko'ina. To a dubi Chadi, mai ƙasa irin tamu. A Agustan 2013 gwamnatin ƙasar ta dakatar da kamfanin CNPC na Sin bayan an tarar ana zubar da ɗanyen mai a ramuka a kudu da Injamena. Ta ci shi tarar dala biliyan 1.2, daga baya aka sasanta a kan miliyan 400. A tudu haɗarin yana da tasa siffar. Kowace rijiya tana da ramin da ake zuba taɓon haƙa da sinadarai da ruwan gishirin da ke biyo mai. In ba a shimfiɗa masa leda mai kauri ba zai tsiyaye ƙasa, in damina ta yi ƙarfi zai tumbatsa ya bi kwari zuwa fadama. A watan Maris da Afrilu kuwa, lokacin da kowane tafki ya ƙafe, ramin da ba a killace ba ruwa ne a idon saniya. Bafulatanin da ya rasa shanu goma a irin wannan rami ba shi da takardar fili, ba ya cikin jerin al'ummomin da asusun kashi 3 ya sani, sau da yawa ma wucewa kawai yake yi. A yankin da rikicin manoma da makiyaya ba ya bukatar ƙarin ashana, ya kamata a zauna da ardo-ardo tun kafin a kafa shinge, a san ina burtali ya bi, ina mashaya take. A ɗaya gefen iyakar kuma akwai Gandun Dajin Yankari a cikin Alƙaleri. Ruwan ƙarƙashin ƙasa bai san inda hukumar iyakoki za ta ja layi ba, don haka wannan aiki naku ne ku biyu da ɗan'uwanka gwamnan Bauchi, ko da ba ku gama shiri a kan wane ne mai rijiyar ba.

Akwai wani abu mai ɗaci da dole a faɗa game da mu kanmu. A Oktoban 2024 sama da mutum 150 suka ƙone a Majiya ta Jihar Jigawa, mafi yawansu sun je kwasar fetur ne daga tankar da ta faɗi. Ranar da mai ya ɓalle a bakin rijiya ko bututu a ƙauyenmu, akwai waɗanda za su ruga da jarka. Iskar gas ba a ganinta, wata irinta mai warin ruɓaɓɓen ƙwai tana kwanciya a kwari, in ta yi yawa ma hanci ya daina jinta kafin ta kayar da mutum. Wannan ilimi ba a takardar Turanci ake bayar da shi ba. Aikin limamai ne da fastoci da masu unguwanni da rediyon jiha, da Hausa da Fulatanci da sauran harsunan yankin, kuma a maimaita har yaro ya haddace ta wace hanya ake gudu da lambar wa ake kira. Haka nan rahoton tasirin aiki ga muhalli da dokar 1992 ta wajabta. Al'adar da aka saba ita ce a ajiye kundi mai ɗaruruwan shafuka a sakatariyar ƙaramar hukuma na 'yan makonni, a ce an nuna wa jama'a. A taƙaita shi da harshen mutane, a karanta a ƙofar fadar hakimi, a saurari tambayoyi. Sannan a tambayi kamfani, a rubuce, motar kashe gobara mafi kusa tana ina, kuma wane asibiti ne zai karɓi mutum ashirin masu ƙuna a dare ɗaya.

Dokar 2021 ta yi abu ɗaya mai kyau da ya kamata a yaba: ta wajabta wa kowane mai lasisi ya buɗe asusun da zai riƙa tara kuɗin rufe rijiyoyi da kwashe kayan aiki in an gama. Amfaninsa ya dogara ne ga ko kuɗin na ciki da gaske. Manyan kamfanoni suna sayar da tsofaffin filaye ga ƙanana, kamar yadda aka gani a Neja Delta a 'yan shekarun nan, ƙaramin kuma in ya karye, rijiyar ta zama marainiya. Ko Amurka, wadda ta fara wannan sana'a a Pensilbaniya tun 1859, tana da irin waɗannan marayun rijiyoyi sama da 100,000 da aka ƙidaya, har sai da gwamnatinta ta ware dala biliyan 4.7 a 2021 don toshe su da kuɗin jama'a. Jihar Gombe ba ta da irin wannan aljihu. Tunda NNDC na cikin masu lasisin, ba sai kun roƙi kowa ba: ku umarci wakilanku a hukumar gudanarwar kamfanin su kawo muku bayanin asusun rufe rijiyoyin Kolmani duk shekara, a kuma gabatar da shi gaban majalisun dokokin jihohin biyu.

Ranka ya daɗe, ba adawa nake da man Kolmani ba. Ina son in ga matatar nan tana aiki, in ga takin ya isa hannun mai noman masara da rahusa. Amma wa'adinka zai ƙare a 2027, rijiyar kuwa za ta kai jikokin waɗanda suka zaɓe ka. Ina roƙonka ka sa wannan batu a ajandar taron gwamnonin Arewa na gaba, ka nemi jerin rijiyoyin daga NUPRC, kuma ka ba da umarnin fara auna ruwan ƙauyukan Kolmani kafin damina mai zuwa ta sauka.

Allah ya taimake ka, ya ba ka ikon sauke amana.

Wassalam.

Naka,
Wani ɗan jiharka.